Sai da na ƙona taranzista biyu kafin na iya auna zafin rediyona

Shekaruna na farko a harkar rediyon 'yan sha'awa, wato masu aika saƙo da karɓa da na'urar rediyo ta kansu, da tafin hannu nake auna zafi, in ɗora a bayan na'urar, in naji ɗumi-ɗumi sai ince lafiya lau. Kuma gaskiya ba abin da ya taɓa samuna, saboda magana kawai nake yi da SSB, wato tsarin aika murya, shi kuwa SSB sai ka buɗe baki yake jan wuta sosai, tsakanin kalma da kalma ma na'urar tana ɗan hutawa.

Matsalar ta fara ne da na koma FT8, tsarin aika gajerun saƙonni ta kwamfuta da Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017. Shi in ya fara aikawa kusan daƙiƙa 13 yake yi ba numfashi, ya saurara na daƙiƙa 15, ya sake komawa, haka zaka wuni in kana so. Ni kuma na bar ƙarfin a wat 100 kamar yadda na saba. Wata rana da dare ina cikin yi sai naji wani ƙauri-ƙauri, ina duba allurar wat naga ta kwanta, taranzistocin ƙarshe guda biyu, masu ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta fita ta eriya, sun tafi. Wallahi abin ya min ciwo, dan ni na jawo.

Da nazo gyara ne na zauna nayi lissafin da ya kamata inyi tun farko. Rediyo mai wat 100 yana jan wajen amfiya 20 a bolt 13.8, wato sama da wat 270 kenan, 100 ne kawai ke fita ta eriya, sauran duk zafi ne da dole ya bi ta ƙarfen sanyayawa ya fita. Kuma zafin da kake ji a ƙarfen ba shine na cikin taranzista ba, can ciki ya fi haka nesa, yawancinsu kuma iyakarsu digiri 150 zuwa 175 ne. Da na kwance su sai na tarar farin man da ake shafawa tsakaninsu da ƙarfen ya bushe yana ɓarɓashi kamar alli, fankar kuma ƙura ta cika ta.

Abin da ya fi bani mamaki shine ma'aunin zafi mai kama da bindiga da na saya bayan nan. Na haska shi a ƙarfen ya nuna min digiri talatin da wani abu, alhali yatsana baya iya daƙiƙa biyar a wurin. Ashe alminiyon mai ƙyalli yaudarar irin wannan ma'auni yake, sai da na manna ɗan baƙin tef a jiki na auna kan tef ɗin sannan ya faɗi gaskiya, ya haura 60.

Yanzu na ɗaure ɗan ma'auni mai waya dab da taranzistocin, shima da farko lambobinsa tsalle suke in na danna aikawa saboda igiyar rediyon na shiga wayar, sai da na naɗa ta a zoben ferayit, mai tare irin wannan igiyar, ta natsu. SWR ma, ma'aunin da ke nuna ko eriya ta daidaita da rediyon, ina dubawa kafin in fara, dan in eriya bata daidaita ba zafin ƙaruwa yake. FT8 kuwa bana wuce wat 30, kuma in naga ma'aunin yana ta hawa bai tsaya wuri ɗaya ba bayan minti goma, ragewa nake yi ko da tashar da na daɗe ina nema ce ke kira.