Wincin mota a lokacin hunturu: batir, waya da ƙura

Hunturunmu na Bauchi ba ya kawo ƙanƙara, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana kawo abu biyu da winci, wato na'urar lantarki mai naɗe igiya da ake ɗaurawa a mota don jawo ta idan ta kafe, ba ya so: sanyin asuba da ke rage wa batir ƙarfi, da ƙurar da ke shiga ko'ina. A lokacin ne kuma rafuka ke ƙafewa, motocin da ke shiga ƙauyukan Alkaleri da Ningi su riƙa kafewa a yashi.

Winci mai jan kilo 4,300 yana iya zuƙar sama da amfiya 400 idan kaya ya yi nauyi. Altanetar mota, mai yi wa batir caji, ba ta ba da ko rabin haka, don haka batir ne ke ɗaukar wahalar. Kafin ka fita, sa mita a kansa injin na kashe. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6, kuma idan ya gaza 12.4 a yi masa caji. Idan an tayar da inji, ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. Kada ka ja komai injin na kashe.

Wajen waya ne aka fi yin ganganci. Wasu masu rewaya kan ɗaura baƙar wayar a jikin bodi don ragin tsawo, alhali duka biyun, ja da baƙa, kan batir ya kamata su je kai tsaye. Kauri kuma kada ya gaza wanda kamfanin ya sako, yawanci milimita 35 sukwaya. Siririyar waya zafi take yi, robarta ta narke. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a nisanta ta da salansa, domin yawancin winci ba su da fiyus. Idan jar wayar ta goge ta taɓa bodi, babu abin da zai yanke wutar, sai gobara. Shi ya sa makashin wuta mai ɗaukar amfiya 500 kusa da batir ya zama dole a ganina. Yana kuma ceto ranar da solinoid, makunnin da ke ba winci wuta idan an danna rimot, ya manne, winci ya ƙi tsayawa ko an saki rimot.

Idan za ka taɓa batir, cire zobe da agogo, fara kwance baƙar waya, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke da ruwan zafi da burushin ƙarfe, a ɗaure tam, sannan a shafa basilin.

Igiyar winci ta ƙarfe, shafin mai kaɗan take so. Giris mai yawa yana kama ƙura ya koma yana cin ƙarfen. Igiyar zaren roba kuwa yashi ke shiga tsakanin zarenta yana yanka ta daga ciki, sai a warware ta a wanke da ruwa, a shanya a inuwa, a rufe wincin da leda mai kauri ko tamfol.

Lokacin ja, sa safar hannu ta fata, ka bar aƙalla zagaye 5 na igiyar ƙarfe a kan gangar da ke naɗe ta, 10 idan ta zaren roba ce, ka yafa bargo a tsakiyar igiyar don kada ta yi bulala idan ta tsinke. Ja kaɗan, ka huta. Idan hannunka ba ya iya zama a kan injin lantarkin wincin saboda zafi, dakata sai ya huce, ka bar injin mota yana aiki batir ya farfaɗo.