Sa alli kafin ka kwance

Samarinmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra masu koyon aikin wuta, jiya a majalisa wani yaro ya tambaye ni wai ya ake shiga aikin gyaran manyan injinan dam, to bari in faɗa muku inda ni na kwafsa.

Kun san madatsar ruwa ta Akosombo Nkrumah ne ya buɗe ta a 1966, injina shida ne a ciki, da can megawat 912 suke bayarwa, amma da aka yi musu babban gyara aka canza fankokin da ruwa ke juyawa sai suka kai 1,020 ba tare da an ƙara wa dam ɗin tsayi ba. Madatsar Kpong mai megawat 160 ita ma an yi mata nata daga baya. Aikin dai akwai shi, inji in ya shekara 40 yana juyi dole wata rana a kwance shi.

Ni wani ɗan kwangila ne ya ɗauke ni, lokacin ina ji da kaina saboda takardar makaranta. Aka sa mu kwance mazaunin boris, a ƙarƙashi akwai wasu 'yan ƙarafa sirara kamar reza, kowanne da kaurinsa, an cuccusa su ne tun kafin a haife ni don sandar injin ta tsaya daidai. Wani dattijo da ya tsufa a wurin ya miƙo min alli ya ce yaro sa musu lamba kafin ka cire, na ce haba Baba ai akwai zane, na kwashe su gaba ɗaya na zuba a gwangwanin Milo. Ashe zanen bai ma san da zamansu ba.

Ranar mayarwa agogon awo mai nuna ko sandar injin ta tsaya daidai ya ƙi zama, a sa wannan a cire wancan, kwana tara muna abu ɗaya, masta ko kallona ba ya yi. Ba a kore ni ba, amma kwangila ta gaba ba wanda ya kira ni.

Ku yanzu waya na aljihunku, ɗauki hoto kafin sifana ta taɓa noti, sa lamba, rubuta a littafi. In tsoho ya yi magana a kan injin da ya daɗe yana kula da shi, ajiye takardarka ka saurara, ko shayi ne ka saya masa ka zauna kusa da shi lokacin hutu. Baban nan da kunne yake gane boris ya fara ci, sukudireba kawai yake karawa a jikin ƙarfen.