Takardar da Ake Miƙo Maka Kafin Ka Fara Aiki

Ƙannena masu sha'awar zane ko fitowa a fim, shawarar da aka fi ba ku ita ce ku dage da koyon sana'a har hannunku ya faɗa, kuma babu wanda zai musanta amfaninta. Sai dai yawancin waɗanda wannan sana'a ta bari cikin talauci ba rashin gwaninta ne ya kai su ba. Takarda ce aka miƙo musu suna matasa, suka sa hannu cikin murna, ba tare da sun bambanta tsakanin sayar da zane guda da sayar da haƙƙin mallakar abin da suka ƙirƙira ba.

A shekarar 1938 wasu samari biyu mazauna Amurka, marubuci Jerry Siegel da mai zane Joe Shuster, suka sayar wa wani kamfanin mujallu haƙƙin Superman, jarumin labarin zane da suka ƙirƙira, a kan dala 130. Da suka ga irin dukiyar da ake tarawa da shi, sai suka shigar da ƙara a 1947, amma ba su samu haƙƙin ya dawo hannunsu ba, aka kuma cire sunayensu daga aikin. Shuster, wanda idanunsa suka yi rauni, har aikin kai saƙo ya koma yi don ya samu na rufin asiri. Sai a 1975, bayan abokan sana'arsu sun yi ta kiraye-kiraye, aka amince a riƙa biyan kowannensu dala 20,000 a shekara, aka kuma maido da sunayensu.

Ni ban san wannan tarihi ba a lokacin da wani kamfanin ɗab'i ya nemi in zana masa littafin yara. Na ƙirƙiri wani yaro mai manyan kunnuwa da wawulo, wanda na ɓata dogon lokaci ina gogewa ina sakewa kafin fuskarsa ta zauna yadda nake so. Yarjejeniyar gajeriya ce, kuma a tsakiyarta akwai layin da ya ce duk haƙƙoƙin aikin sun koma hannun kamfanin har abada, ta kowace siga. Na ga layin, amma kunya ta hana ni tambaya, don kada a ce sabon shiga ya fara tsirfa a ba wani aikin. Na haɗa har da ainihin takardun zanen, da tabon fensir da gyare-gyarena a gefensu, na miƙa. Bayan 'yan shekaru sai na ga yaron a bangon wasu littattafan, wani hannu ya zana shi, an rage masa kunnuwan, kuma babu sunana ko'ina. Ba zan ce an cuce ni ba, domin abin da na sa wa hannu shi aka aiwatar. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Abin da ya kamata in yi bayan haka shi ne abin da mai shirya finafinan katun Walt Disney ya yi. A 1928 ya je neman ƙarin kuɗi a kan zomon da yake zanawa mai suna Oswald, sai ya tarar cewa kamfanin Universal ne ke da mallakarsa, kuma an riga an janye masa yawancin ma'aikatansa. Da ya dawo, shi da abokin aikinsa mai zane Ub Iwerks suka ƙirƙiri ɓeran katun Mickey Mouse, kuma daga ranar bai sake yarda mallakar abin da ya ƙirƙira ta fita daga hannunsa ba. Shi kuwa zomon, sai a 2006 kamfanin Disney ya iya dawo da shi. Ni maimakon in ƙirƙiri wani yaron in riƙe shi, sai na yi fushi na ajiye fensir na wani lokaci, wanda asararsa ta fi ta farkon.

'Yan wasa kada su ɗauka wannan magana ta masu zane ce kawai, domin abin da ɗan wasa yake sayarwa shi ne fuskarsa da muryarsa da shekarun ƙuruciyarsa. Jaruma Olivia de Havilland ta kammala kwantiragin shekara bakwai da kamfanin Warner Bros., sai aka ce saura wata shida, wato lokutan da aka dakatar da ita saboda ta ƙi fitowa a wasu finafinai. Ta je kotu a Kalifoniya, kuma a 1944 aka yanke hukuncin cewa shekara bakwai ta kalanda ita ce iyaka. A 2023 ma ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta yi yajin aiki na kwana 118, kuma cikin manyan dalilanta har da fargabar a ɗauki kamannin mutum da kwamfuta a riƙa saka shi a finafinan da bai taka rawa a cikinsu ba.

Saboda haka idan aka miƙo maka takarda, ka nemi sanin abin da ake saya a wurinka, shin izinin amfani ne na wani lokaci ko mallaka ce baki ɗaya, a waɗanne ƙasashe, kuma ta wace siga. Ka tabbatar an rubuta cewa sunanka zai fito a jikin aikin, cewa ainihin zanenka zai dawo gare ka, da kuma kason da za ka samu idan aka sake bugawa ko aka sake haskawa, domin alkawarin baki yakan tafi tare da wanda ya yi shi ranar da ya bar kujerarsa. Ba kowane sharaɗi ne sabon shiga zai iya samu ba, kuma akwai lokacin da buƙata za ta sa ka sayar da komai kana sane, wanda ban ga laifinsa ba in dai ka ƙara farashi gwargwadon abin da ka rabu da shi. Ka nemi a ba ka kwafi ka tafi da shi gida, ka nuna wa lauya ko wani da ya daɗe a sana'ar, kuma idan aka ce sai dai ka sa hannu nan take, ka nemi a ɗaga zuwa gobe.