Yaro ɗaya cikin 31, da mutanen gidansu

A watan Afrilun 2025 hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Amurka (CDC) ta fitar da rahotonta kan galahanga, wato lalurar "autism" da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane: cikin yara 31 'yan shekara takwas, ɗaya na da ita. A shekarar 2000 ɗaya cikin 150 ne. Da yake an san ina da ɗa mai wannan lalura, 'yan uwa suka yi ta turo mini labarin, kowa da tambayarsa, wai me ke kawo wannan yawa haka?

Ni dai na ce a fara duba yadda aka yi ƙirgar. Ba gida-gida suka bi ba, takardun asibiti da na makaranta suka duba a yankuna 16. Shi ya sa aka samu ɗaya cikin 19 a yankin Kalifoniya, amma ɗaya cikin 103 a Laredo ta jihar Tekzas. Ba na jin yaran ne suka bambanta har haka. Inda ake da masu gwaji, nan ake gano yaran. Masu ɗora wa allurar rigakafi laifi kuwa, binciken da aka yi a Denmak kan yara sama da 650,000, wanda ya fito a 2019, bai ga wata alaƙa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, lissafin yaro yake ƙirgawa, ya bar gidan. Na ajiye aikina saboda babu wanda zan bar wa ɗana hankalina ya kwanta. Ƙarar na'urar markaɗe kaɗai ta isa ya toshe kunnuwa ya durƙushe yana kuka. Barcinsa guntu ne, don haka nawa ma guntu ne. Maigidana, Allah ya saka masa, yakan karɓe ni da asuba.

Wadda na fi tausayi ita ce yayarsa. Yarinya ƙarama ta koyi rage murya, ta daina gayyato ƙawaye, ta iya amsa "me ke damun ƙaninki?" ba tare da ta yi fushi ba. Da za a ba ni dama in ƙara tambaya ɗaya a irin wannan bincike, ita zan ce a fara tambaya, kuma a tambaye ta ba na wurin.