Tambayoyi biyu da ba ma yi wa matasa a asibiti

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin asibitin unguwa ya san wannan, za a kawo yarinya ko yaro mai shekara 14 ko 16 da ciwon kai, ko ciwon ciki, ko dai kawai "jikina ba ƙarfi". A yi gwajin maleriya, a yi na taifot, ko ba a ga komai ba a rubuta magani a sallame su, ba da jimawa ba su dawo da wannan ƙorafin dai. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yaron halin da zuciyarsa ke ciki, kuma wallahi wasu daga cikinsu ciwon damuwa ne ke cin su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. A Amurka kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen kariya ya ce a riƙa tantance duk ɗan shekara 12 zuwa 18 don gano ciwon damuwa, ya sake jaddada hakan a 2022. Kuma fa tantancewar ba na'ura take buƙata ba. Akwai takarda da ake kira PHQ-2, tambaya biyu ce kacal: a sati biyun da suka wuce, kin daina jin daɗin abubuwan da kika saba jin daɗinsu? Kina jin ƙunci ko kin yanke ƙauna? In amsar ta nuna da matsala sai a wuce zuwa PHQ-9 mai tambaya tara, barci, cin abinci, gajiya, kasa maida hankali, har da ta ƙarshe wadda kowa ke tsoro, wato tunanin mutuwa ko cutar da kai. Yin tambayar ba ya saka wa yaro tunanin a rai, bincike ya nuna haka, sau da yawa ma sauƙi yake ji da aka tambaye shi.

Amma ni inda na fi damuwa shi ne yadda ake tambayar. Uwa na zaune a gefe tana cewa "Malama, rashin ji ne kawai, kullum tana ɗaki, magana kaɗan sai faɗa", ita kuma yarinyar kanta a sunkuye tana murza bakin hijabi, toh a haka me za ta faɗa? Ni nakan ce "Mama, don Allah ki ɗan ba mu wuri, zan kira ki yanzu." Sai na juya na ce "ƙanwata, abin da kika gaya min tsakaninmu ne, sai dai in na ga rayuwarki na cikin haɗari, nan kam dole mu sa manya." Wani lokacin sai ta yi shiru mai tsawo kafin kuka ya ɓalle. Wannan saurin fushin da uwar ke kira rashin ji, a matasa yana daga cikin alamomin ciwon, ba lallai ka ga hawaye ba.

Takardar ba ta yanke hukunci, nuni kawai take yi cewa a zauna a bincika sosai. Kuma in ka gano ciwon amma ba ka da inda za ka tura yaro, ka bar shi a tsakiyar hanya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kaɗan ne ƙwarai, asibitocinsu kamar na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri da Dawanau a Kano sun yi wa mutanen ƙauye nisa, ga kuma tsoron kada a ce ɗanka ya haukace. Shi ya sa shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, da aka fara a 2008, yake horar da nas-nas da ma'aikatan lafiya na matakin farko su iya kula da wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, su tura mai tsanani gaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, saura horon mhGAP ya iso mana ƙasa.

Iyaye kan tambaye ni ko su bar addu'a da ruƙiyya, nakan ce a'a ku ci gaba, amma ku dawo da yarinyar ranar da na rubuta a katin, in kuma ta ambaci mutuwa kafin ranar kada ku jira, ku kawo ta a take.