Takardar da na rubuta da hannuna

Shekara shida na yi ina riƙe da makullin sito a wani kamfanin sarin kayan masarufi a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma kusan biyar daga ciki na yi su lafiya lau. Al'amura sun lalace ne bayan da aka kawo mana sabon shef, wato shugaban wurin aiki, wanda tun makonsa na farko ya sa mini karan tsana. Ba ya yi mini faɗa sai a gaban 'yan dako, da Faransanci, da ƙarfi, har direbobin da ke lodi su dakata su saurara. Idan buhun shinkafa ya yage, laifina ne, ko da ba na wurin aka sauke shi. Sau uku ya zaftare mini sefa 5,000 daga albashi da sunan tara. A tsakiyar zafin Afrilu kuma ya sa aka ɗauke fankar teburina aka kai ofishinsa.

Duk wanda na kai wa kuka haƙuri yake ba ni. Inna ta ce, “Ɗan nan, mahaƙurci mawadaci, ka dubi iyalinka.” Na yi haƙurin wata goma sha huɗu ba tare da na rubuta ko da rana ɗaya daga cikin ranakun da ya ci mini mutunci ba.

Ranar da ya ce da ni ɓarawo a kan katan biyu na mai, waɗanda daga baya aka gano ba a kawo su ba tun daga Duwala, zuciya ta ɗebe ni. Na yagi takarda daga littafin lissafi, na rubuta cewa na ajiye aiki, na sa hannu, na dangwara masa a kan tebur tare da makullan. Bai ce uffan ba, ya ninke ta ya sa a aljihu. Har yau in na tuna yadda ya ninke takardar nan a natse sai raina ya ɓaci, domin abin da ya yi wata goma sha huɗu yana nema ke nan, ni kuma na miƙa masa da hannuna.

Sai bayan mako biyu wani maƙwabcina a unguwar Yelwa ya raka ni ofishin sufeton ƙwadago. A can na ji cewa dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta haramta wa mai kamfani cin ma'aikaci tara, kuma wanda aka sallama bayan ya cika shekara biyu yana da haƙƙin kuɗin sallama matuƙar ba babban laifi ya aikata ba. Wanda ya ajiye aiki da kansa kuwa ba shi da wannan haƙƙi. Sufeton ya dube ni ya ce, “Malam, ina shaidarka? Ka taɓa kai ƙorafi a rubuce?” Ban taɓa ba. Wakilan ma'aikata, waɗanda doka ta wajabta a zaɓa a duk wurin da ke da ma'aikata 20, muna da su, amma ni ina ganin kai ƙara wurinsu ƙasƙanci ne.

A zaman sulhu an maido mini sefa 15,000 na tarar, saboda abokan aikina biyu sun yi ƙarfin halin ba da shaida, Allah Ya saka musu da alheri. An kuma biya ni kuɗin hutun da ban ci ba. Kuɗin sallama na shekara shida kuwa ya tafi.

Wanda ke cikin irin halin da na shiga, ya riƙa rubuta rana da sa'a da kalmar da aka faɗa masa da waɗanda suka ji, ya adana takardun albashinsa, ya kai ƙorafi a rubuce ya riƙe kwafi mai hatimi, kuma ya je wurin sufeto tun makullin yana hannunsa. Idan zuciya ta ce ya rubuta takardar ajiye aiki, to ya bari ya kwana tukuna. Ni da a ce na kwana, da washegari da safe an gano inda katan biyun nan suka maƙale.