Idan an zargi mutum da luwaɗi: me doka ta ce, me dangi za su yi?

A watan Janairun 2014, ƴan kwanaki bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya, jama'a suka yi wa wata kotun shari'ar Musulunci a garin Bauchi ruwan duwatsu, suna neman a hukunta waɗanda ake tuhuma nan take. Sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama aka fitar da waɗanda ake tuhumar. Lokacin alƙali bai yanke komai ba.

Dokokin suna da tsauri, babu mai musu. Ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko tallafa mata. A 2022 wata kotu a Ningi ta yanke wa mutum 3 hukuncin jefewa, a Oktoban 2023 kuma Sibil Difens ta kama mutum 76 a wani biki a Gombe. Amma ko ɗaya cikin dokokin nan ba ta bai wa matasan unguwa ikon duka, fasa ɗaki ko ƙwace waya ba.

A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, haddi ba ya tabbata sai da shaidu huɗu adalai da suka gani da idonsu, ko iƙirarin mutum da bakinsa, wanda in ya janye haddin ya faɗi. Wanda ya jefi wani da zargin bai kawo shaidu ba, shi ne ya yi ƙazafi, bulala 80. Bin diddigin sirrin mutane kuwa Suratul Hujurat ta hana. Masu cewa kishin addini ya sa suka ɗauki gora, nan suke tsallakewa. Kuma galibi a kan ƴan daudu masu sayar da abinci a tasha abin ke ƙarewa, alhali murya ko salon tafiya ba shaida ba ce a kowace kotu.

In an kama naku, ku fara gano inda yake, ku rubuta ranar da lokacin kamun da sunan jami'in da ke riƙe da batun. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Yana da ikon yin shiru har lauya ya zo. A nan aka fi yin ɓarna: tsoro ya sa mutum ya sa hannu kan bayanin da bai karanta ba, daga baya ya zama iƙirari. Iƙirarin da aka tatsa da duka, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce ba hujja ba ne, don haka a ɗauki hoton rauni da wuri. Marar kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Masu barazanar tona asiri in ba a tura kuɗi ba, biya ɗaya ba ya sallamarsu, dawowa suke yi. A adana saƙonninsu da shaidar turawa, a kai wa lauya.

Abin da dangi ke mantawa don kunya shi ne magani. Mai shan maganin ƙanjamau in ya yi ta tsallake kwanaki, ƙwayar cutar na sake yawa, tana iya daina jin maganin. A kai masa har inda ake tsare da shi, tare da katinsa na asibiti.